Raba tagar manhaja gida-gida: ma'anarsa, tarihinsa da yadda ake gina shi

Raba taga wata dabara ce ta gina manhajar kwamfuta da ke bai wa mai aiki damar tsaga taga guda zuwa sassa biyu ko fiye, kowane sashe yana nuna nasa abin. Tsakanin sassan akwai wani siririn shamaki da ake kamawa da linzamin kwamfuta a ja, wani sashe ya faɗaɗa, wani ya matse. A manhajojin da ke cikin Faransanci, waɗanda su aka fi gani a ofisoshin Nijar, ana kiran sashen volet, shamakin kuma séparateur ko barre de fractionnement. Duk wanda ya taɓa buɗe Explorateur na Windows ya ga jerin dosiye a hagu da abin da ke cikinsu a dama, to ya riga ya yi aiki da wannan dabara.

Zana shamakin ba shi ne mai wuya ba, domin kusan duk kayan gina manhaja suna zuwa da shi a shirye. Abin da ke bambanta manhajar da aka gina da kyau da wadda ke ɓata wa mutane aiki abu uku ne: sassan su riƙa kallon bayanai guda ba kwafi biyu ba, tsarin rabon ya kasance wanda za a iya ƙarawa a kuma rage ba tare da ya rikice ba, sannan kada wani sashe ya ɓace wa mai aiki ya rasa hanyar dawo da shi.

Amfaninsa a ofis

A ɗauki misalin sakataren wata ƙungiyar manoman rani a gundumar Madarunfa, kamar masu aiki a gandun Jiratawa da ke ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. Yana da tebur a Excel: sunan manomi a shafin farko na hagu, sai lambar filinsa, girman filin, takin da ya karɓa bashi, abin da ya biya wata-wata, can ƙarshe a dama kuma ragowar kuɗin ruwan da ake bin sa. Teburin ya fi allon faɗi. Idan ya gungura zuwa dama don ganin bashin, sunayen sun fita daga allo. Ido ya zame layi ɗaya kawai, sai a rubuta kuɗin da wani ya biya a gaban sunan maƙwabcinsa. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin ranar hisabi wanda ya biya zai zama mai bashi a takarda.

Idan aka raba tagar biyu, sunaye suna tsaye a sashen hagu, alkaluman suna tafiya a sashen dama, layukan kuma suna hawa da sauka tare. Haka abin yake ga mai shigar da takardun haihuwa a ma'aikatar magajin gari, wanda ke son hoton tsohuwar rajista a gefe ɗaya da gurbin da yake cikewa a ɗaya gefen, ko malamin makaranta da ke haɗa makin ɗalibai, ko ma'aikacin asibiti da ke duba jerin magunguna tare da abin da ya rage a sito. Kowannensu yana da nasa faɗin da yake so, gwargwadon allonsa da ƙarfin idonsa, shi ya sa ake bar masa shamakin a hannunsa.

Tarihi a taƙaice

Yawancin abin da ake gani a allon kwamfuta a yau ya samo asali ne daga cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973. A tsarin Smalltalk na wannan cibiya, Larry Tesler ya ƙirƙiro wata taga mai sassa da yawa wadda ake zaɓar abu a sashe ɗaya sai bayaninsa ya bayyana a na gaba. A can ne kuma Trygve Reenskaug, ɗan ƙasar Norwe, ya bayyana a 1979 tsarin da ke raba bayanai daga abin da ke nuna su, tsarin da har yau shi ne ƙashin bayan raba taga.

A shekarar 1979 ɗin ne Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc, manhajar lissafi a tebur ta farko da ta yaɗu a kan ƙananan kwamfutoci. Tana da umarnin raba allo gida biyu, a tsaye ko a kwance, domin allon wancan zamani ƙarami ne ƙwarai. Lotus 1-2-3 da ta fito a 1983 ta zo da irin wannan umarni, haka ma Excel wadda ta fara fitowa a 1985. Windows 1.0, da aka fitar a watan Nuwamban 1985, ba ta ɗora tagogi kan juna ba, jera su take yi gefe da gefe kamar bulo. A 1986 Norton Commander ta shahara da sassanta biyu, inda ake kwafe fayil daga ɗaya zuwa ɗaya.

Masu rubuta manhaja su ma sun daɗe suna amfani da dabarar a kayan aikinsu. GNU Emacs, da ta fito a 1985, tana raba tagarta sau da yawa yadda mai aiki ya so. Vim ta ƙara rabon gefe da gefe a fitowarta ta 6.0 a 2001. Blender, manhajar zane da aka saki kyauta ga kowa a 2002, gaba ɗayan fuskarta sassa ne da ake tsagawa a kuma haɗe. Daga baya dabarar ta koma kan allon baki ɗaya: Windows 7 ta 2009 ta kawo manna taga a rabin allo, Android 7.0 ta kawo raba allon waya a 2016, Windows 11 ta 2021 kuma ta ƙara shiryayyun tsare-tsare na jera tagogi.

Ire-iren rabo

Akwai iri uku, kuma ya kamata mai gini ya san wanda yake buƙata kafin ya soma.

Na farko shi ne rabon da magini ya kafa tun farko. Yawan sassan ba ya canzawa, abin da ke cikinsu ma daban-daban ne, misali jerin sunaye a hagu da cikakken bayanin wanda aka zaɓa a dama. Mai aiki yana iya matsar da shamakin kawai.

Na biyu shi ne rabon da mai aiki ke yi da kansa a kan takarda guda. Tagar tana farawa da sashe ɗaya, ya tsaga ta lokacin da ya ga dama, ya haɗe ta idan ya gama. Irin na Excel da Word ke nan. A Excel ba a wuce sassa huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kuma a ɗaure suke da juna: na jere ɗaya suna hawa da sauka tare, na sama da na ƙasansa kuma suna tafiya hagu da dama tare.

Na uku shi ne rabo a cikin rabo, inda kowane sashe ake iya sake tsaga shi, kamar a Emacs, Blender da Visual Studio Code. Shi ya fi ba da ƴanci, shi kuma ya fi neman tsari.

Tsarin MFC na kamfanin Microsoft ya nuna bambancin na farko da na biyu a fili. Kayansa mai suna CSplitterWnd yana karɓar har layi 16 da shafi 16 idan rabon kafaffe ne, amma idan mai aiki ne zai riƙa rabawa, bai wuce biyu sau biyu ba.

Akwai kuma abin da ake yawan rikitawa da rabo, wato Figer les volets na Excel. Wannan daskarar da layukan sama ko shafukan hagu yake yi, ba a jan iyakarsa da linzami. Ga wanda kawai yake son sunaye su tsaya a idonsa, shi ya fi sauƙi. Rabo kuwa yana ba da damar duba layi na 12 da layi na 900 a lokaci guda.

Kayan da ake ginawa da su

Ba kasafai ake buƙatar rubuta shamaki daga tushe ba. A Java akwai JSplitPane na Swing, wanda ya shiga cikin Java 1.2 a 1998, yana ɗaukar abu biyu kacal. A Qt akwai QSplitter mai ɗaukar sassa da yawa a jere ɗaya. GTK yana da GtkPaned, wxWidgets yana da wxSplitterWindow, Delphi yana da TSplitter, kwamfutocin Apple kuma suna da NSSplitView. A Windows Forms akwai SplitContainer tun .NET 2.0 na 2005, a WPF kuma GridSplitter. WinDev na kamfanin PC SOFT da ke Faransa, wanda ake amfani da shi wajen gina manhajojin ofis a ƙasashe masu magana da Faransanci, yana kiran nasa champ Séparateur.

Ga ɗalibi mai koyo, a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko a gida, hanya mafi kusa ita ce Python da tkinter, domin suna zuwa tare a kan Windows, ba sai an sake sauke wani abu daga intanet ba. Waɗannan layuka bakwai sun isa su buɗe taga mai sassa biyu:

import tkinter as tk
taga = tk.Tk()
rabo = tk.PanedWindow(taga, orient=tk.HORIZONTAL, sashwidth=6)
rabo.pack(fill=tk.BOTH, expand=True)
rabo.add(tk.Listbox(rabo), minsize=200)
rabo.add(tk.Text(rabo), minsize=300)
taga.mainloop()

Layi na uku ya ƙirƙiri rabon da shamaki mai kaurin ɗigo 6. Ɗigo, ko fiksel, shi ne ƙaramin ma'aunin allo. Layi na biyar da na shida sun sa jeri a hagu da wurin rubutu a dama, kowanne da ƙarancin faɗin da ba za a matse shi ƙasa da haka ba.

Akwai tarko a sunayen da kayan ke amfani da su. Idan ana son sassa gefe da gefe, Swing na cewa HORIZONTAL_SPLIT, Qt na cewa Horizontal, domin yadda sassan suka jeru suke dubawa. Amma wxWidgets na cewa SplitVertically, SplitContainer kuma Vertical, domin su tsayuwar shamakin suke dubawa. Wanda ya sauya daga wani kaya zuwa wani ya gwada ya gani da idonsa kafin ya ci gaba.

Abin da ke faruwa idan an ja shamaki

Jan shamaki mataki uku ne. Da farko mai aiki ya danna linzami a kansa, manhaja ta riƙe inda aka danna da inda shamakin yake, ta kuma kame linzamin, ta yadda ko alamar ta fita daga tagar za ta ci gaba da samun labarin motsinta. A Windows aikin SetCapture ke nan. Idan ba a yi wannan kamun ba, mai jan da sauri zai ga shamakin ya kuɓuce masa a hanya. Na biyu, duk lokacin da linzami ya motsa sai a lissafa sabon wuri. Na uku, da ya saki sai a tabbatar da wurin a sake shirya sassan.

Lissafin ba shi da wuya. A ce faɗin taga ɗigo 1366 ne, kamar na ƙananan kwamfutocin hannu da yawa, shamaki kuma ɗigo 6. Abin da za a raba 1360 ne. Idan ƙarancin hagu 200 ne, na dama 300, to shamakin ba zai yi ƙasa da 200 ba, ba zai kuma wuce 1060 ba. Duk inda linzami ya kai, a tsakanin waɗannan lambobi biyu ake tsayar da shi.

Akwai zaɓi biyu game da abin da ido ke gani lokacin jan. Ko dai a riƙa sake zana sassan a kowane motsi, ko a nuna inuwar layi kawai, sai an saki a zana sau ɗaya. Na farko ya fi kyan gani. Na biyu ya fi dacewa da tsofaffin kwamfutoci na hannu da ke cike ofisoshi da yawa, musamman idan sashen yana ɗauke da babban tebur ko hoton takarda. A Swing ana zaɓa da setContinuousLayout, a Qt da setOpaqueResize.

Sai tambayar wanda zai ci ƙarin fili idan an faɗaɗa tagar kanta. A jerin sunaye da bayaninsu, galibi jerin ya tsaya yadda yake, bayanin ya cinye ƙarin. A sassa biyu na takarda guda kuwa, raba daidai ya fi. Swing na daidaita wannan da setResizeWeight, lamba tsakanin 0 da 1: sifiri na bai wa sashen dama ko na ƙasa duka ƙarin, 0.5 na raba shi daidai. A wxWidgets sunansa SetSashGravity, a Qt setStretchFactor, a Windows Forms kuma FixedPanel ke cewa wane sashe ne ba ya motsi.

Bayanai guda, idanu da yawa

Nan ne kuskure mafi tsada yake. Mai koyo yakan raba taga, sai ya kwafe abin da ke sashe na farko ya zuba a na biyu. A ido komai lafiya. Amma idan sakatare ya gyara kuɗin wani manomi a sama, ya kuma gyara na wani a ƙasa, ya danna adanawa, kwafi ɗaya ne zai shiga fayil, ɗayan gyaran ya tafi ba tare da wani gargaɗi ba.

Ƙa'idar ita ce bayanan suna zaune wuri guda, sassan kuwa tagogi ne kawai da ake leƙa su ta ciki. Duk gyaran da aka yi a wani sashe yana zuwa wurin bayanan, su kuma su sanar da dukkan sassan su sake zana kansu. A Qt ana bai wa QTableView biyu tushen bayanai guda ta hanyar setModel. A Swing wuraren rubutu biyu na iya raba Document ɗaya. MFC yana da tsarin takarda ɗaya mai idanu da yawa, Tk kuma tun fitowarsa ta 8.5 yana da hanyar haɗa wuraren rubutu biyu a kan rubutu guda.

Ya kamata a tantance abin da ke na kowa da abin da ke na sashe. Rubutun, alkaluman, tarihin warware gyara da alamar cewa akwai abin da ba a adana ba, duk na takarda ne. Inda aka gungura zuwa, inda alamar rubutu take da girman da aka zuƙo, na kowane sashe ne shi kaɗai. Haka kuma dole manhaja ta san sashen da ake aiki a cikinsa yanzu, ta kuma nuna shi da launi ko kauri a bakinsa, domin umarni irin na gogewa ko bugawa a takarda a kansa zai faɗa.

Tsarin bishiya

Idan mai aiki zai riƙa tsaga sassa a cikin sassa, hanyar da aka fi bi ita ce a ajiye tsarin a matsayin bishiya mai rassa biyu-biyu. Abin ya yi kama da gonar gado. An raba ta biyu an shuka gamba a iyaka, daga baya ɗaya daga cikin magadan ya sake raba nasa kason ga ƴaƴansa biyu. Sabuwar iyakar a cikin kasonsa kawai take, ba ta shiga na ɗan'uwansa ba.

A bishiyar, kowane ganye sashe ne da ake gani. Kowace mararraba kuma tana riƙe abu huɗu: ko rabon a tsaye yake ko a kwance, kason da ɓangare na farko ya ci, da rassanta biyu. Reshe na iya zama ganye, yana iya zama wata mararrabar. Taga mai sassa biyar tana da shamaki huɗu, kullum yawan shamakai ya gaza na sassa da ɗaya.

Tsaga sashe mataki huɗu ne: a ƙirƙiri sabuwar mararraba, a sa ta a gurbin da sashen yake, a mayar da sashen reshenta na farko, a ƙirƙiri sabon sashe mai kallon bayanai guda a sa shi reshe na biyu, kaso rabi da rabi. Kafin haka a duba ko filin ya isa sassa biyu, in bai isa ba a ƙi rabawa. Qt ya ƙara replaceWidget a fitowarsa ta 5.9 ta 2017, wanda ke sauƙaƙa sa wani abu a gurbin wani.

Rufe sashe shi ne akasin haka: a cire shi, a ɗauki ɗan'uwansa a sa shi a gurbin mararrabar, a share mararrabar. Wanda ya manta da matakin ƙarshe zai tara mararrabu masu reshe ɗaya, bayan ɗan lokaci a ga shamakai marasa amfani da wuraren da babu komai. A kuma cire sunan sashen da aka rufe daga jerin waɗanda bayanai ke sanarwa, in ba haka ba manhaja za ta yi ƙoƙarin zana abin da babu shi, ta cinye ƙwaƙwalwa ko ta tsaya cak. Sashe na ƙarshe ba a rufe shi sai tare da tagar, kuma a nan ne kawai ake tambayar ko za a adana.

Adana tsari da dawo da shi

Mutum ba ya son ya riƙa gyara shamakai kowace safiya, don haka manhaja mai kyau tana tuna yadda aka bar ta. Qt na da saveState da restoreState domin wannan. Wanda ya gina tasa bishiyar zai iya rubuta ta a ƙaramin fayil.

Abin lura shi ne a adana kaso, ba yawan ɗigo ba. A ce an bar shamaki a ɗigo 1400 a kan babban allon ofis mai faɗin 1920, sai aka buɗe manhajar a kwamfutar hannu mai 1366. Shamakin ya faɗa bayan bakin allo, sashen dama ya ɓace, mai aiki kuma zai ɗauka bayanansa ne suka salwanta. Da kaso aka adana, misali 0.3, da sashen hagu ya samu ɗigo 574 a babban allo, 408 a ƙarami. Ko da kaso ne, a sake bi da shi ta iyakokin ƙarancin faɗi bayan an dawo da shi. Windows kuma na barin mutum ya ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari, abin da ke ƙara rage filin da ake da shi.

Akwai tarko na lokaci. Kafin taga ta bayyana, faɗinta bai tabbata ba. A Swing, idan aka kira setDividerLocation da kaso kafin a nuna tagar, ba ya yin abin da ake so. Sai an jira ta samu girmanta.

A wuraren da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, kada a jira sai an rufe manhaja kafin a adana tsarin. A rubuta shi da zarar an saki shamaki. Idan kuma fayil ɗin tsarin ya lalace, manhaja ta yi watsi da shi ta buɗe da tsarinta na asali, kada ta ƙi tashi. Ya dace a sa wani umarni a jerin Affichage da ke mayar da komai yadda yake tun farko.

Kurakuran da aka fi yi

Na farko, barin sashe ya matse har sifiri ba tare da wata alama ba. A Qt wannan halin a buɗe yake tun asali, sai an kashe shi da setChildrenCollapsible. Idan ana son a iya ɓoye sashe, a bar shamakin a bayyane ko a sa ƙaramar kibiya, irin wadda setOneTouchExpandable ke kawowa a Swing.

Na biyu, shamaki siriri da ba ya kamuwa. Binciken da Paul Fitts ya wallafa a 1954 ya nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar abu da nisansa, gwargwadon lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya same shi. Ana iya zana layi siriri amma a faɗaɗa wurin da ke karɓar danni, alamar linzami kuma ta koma kibiya mai kai biyu idan ta hau kansa.

Na uku, mantawa da wanda ba ya amfani da linzami, ko don matsalar gani ko don na'urar ta lalace. A Word da Excel maɓallin F6 na tsallakawa daga sashe zuwa sashe. A Swing F8 na kai wa ga shamaki, sai a matsar da shi da maɓallan kibiya.

Na huɗu, auna ƙarancin faɗi da harshe ɗaya. Kalmomin Faransanci da na Hausa sukan fi na Ingilishi tsawo, don haka gurbin da ya isa a wani harshe zai yanke rubutu a wani. Ga manhajar da za a yi amfani da ita a makarantun Faransanci da Larabci, ko wadda ke ɗaukar ajami, rubutu daga dama yake farawa, jerin da ke hagu ya kamata ya koma dama. Shi ya sa ya fi kyau a kira rassan bishiyar na farko da na biyu, maimakon hagu da dama.

Ga mai aiki da ba ya rubuta manhaja

A Excel, a danna gidan da ke ƙarƙashin layin kanun tebur kuma a daman shafin sunaye, a shiga Affichage a zaɓi Fractionner. Shamakai za su fito a saman gidan da hagunsa. Danna shamaki sau biyu a jere na cire shi. A Word, Ctrl da Alt da S tare na raba takarda sama da ƙasa, abin da ke da amfani ga mai rubuta rahoto yana duba alkaluman shafin farko. A LibreOffice Calc, wadda kyauta ce, umarnin yana cikin Affichage da sunan Scinder la fenêtre. Idan kuma manhajoji biyu daban ake son gani tare, maɓallin Windows da kibiyar hagu ko ta dama na manna taga a rabin allo.

Ƙungiya ko ofishin da zai ba wani kwangilar gina manhaja na iya gwada aikin kafin ya biya. A raba tagar, a gyara lamba a sashe ɗaya a ga ko ta canza a ɗayan nan take. A ja shamaki har ƙarshe a ga ko ana iya dawo da shi. A rufe sashe ɗaya bayan an yi gyara a ciki, a duba ko gyaran yana nan. A buɗe manhajar a kwamfuta mafi ƙanƙantar allo da ke ofishin. Daga ƙarshe a kashe kwamfutar ba tare da rufe manhajar ba, bayan an adana aiki, a sake kunnawa a ga yadda tagar za ta dawo.